Aron Baki

Shafi na 17

Masu bina har akwatin saƙo kuna tambayar me Iya ke nema a fuskar Tafinta tun jiya, na ji ƙorafinku. Ku gyara zama, yau da bakinta za ta faɗa.

*

Saura awa uku a haɗa su da ƴan majalisar ƙasar da ke ba da tallafi, amma Iya ta kafe a kan layi na huɗu na jawabin da aka rubuta mata kamar an dasa ta.

Ita da Tafinta ne kaɗai a ɗakin taron ƙungiyar da ke fafutukar haƙƙin talakawa, sai ƴar jikar Iya da ke rarrafe a ƙarƙashin dogon teburin tana bin ƙafafun kujeru ɗaya bayan ɗaya. Fankar sama sai ƙara take, ba iska. An riga an kunna babban allon bango da za a ga baƙin a ciki, shuɗi fayau, ba kowa tukuna.

Tafinta ta sake gyara takardar da ke gabanta. Shekara shida tana wannan aiki, ita ce bakin ƙungiyar duk lokacin da talaka zai yi magana da mutanen waje. Ta fassara kukan manoma, ta fassara fushin malaman makaranta, amma ba ta taɓa ɗaukar magana mai nauyin ta yau ba. Mako mai zuwa majalisar can za ta kaɗa ƙuri'a a kan yanke tallafin lafiya. In aka yanke, ƙananan asibitocin karkara talatin da biyu za su rufe, da motocinsu, da ungozomominsu. Minti bakwai kacal aka ba ƙungiyar, Shugaba kuma ta ce mintunan nan na Iya ne, uwar da ƴarta ta rasu wajen haihuwa bara.

"Iya, mu sake gwadawa. In na karanta sai ki maimaita."

"Karanta."

"Ranar da ƴata ta fara zubar da jini, motar asibiti tana ajiye, babu mai a cikinta, saboda an rage tallafi."

Iya ta dubi tafin hannunta.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Shugaba ce, daga rahoton da aka kawo mata."

"Tana can ranar?"

"A'a."

"Ke fa?"

"Ni ma ba na can, Iya."

"To ni ina can."

Tafinta ta yi ɗan murmushin lallashi, irin wanda ta saba yi wa tsofaffi in sun fara gajiya.

"Na sani. Ai shi ya sa aka ɗauko ki. In akwai kalmar da ta yi miki nauyi sai mu canza ta."

"Ba kalma ba ce. Motar da manta a ciki. Har tangal-tangal take don cika."

"Iya..."

"Ajiye takardar nan, ƴar nan. Jawo kujerarki kusa."

Ta jawo.

Iya ta ce, "Tun jiya da kika tarbe mu a bakin ƙofa nake sauraronki. Na ce ko kunnena ne ya tsufa. Na kwana ina juya abin. Sai ɗazu da ƙawata ta cafke katin wuyanki kika yi dariya. Nan na daina shakka."

Ƙawata take ce wa jikar. Yarinyar ta ji an ambace ta, ta leƙo daga ƙarƙashin tebur da igiyar katin a baki.

"Shakkar me, Iya?"

"Na san muryarki. Mun taɓa haɗuwa, ke dai ba ki gan ni ba."

Tafinta ta ƙura mata ido.

"Ranar Talata ce. Na raka ƴata awo da sassafe. Tana kwance a kan gadon, ungozoma tana latsa mata ciki, sai waya ta yi ƙara. Wayar ungozomarmu ta lalace, ba a jin magana a kunne, sai ta buɗe murya duk ɗaki ya ji. Wata yarinya ce daga birni, mai ladabi, mai zaƙin baki. Ta ce, Anti, ki taimaka mana, motar muke so, da ke kanki cikin fararen kayanki, manyan baƙi za su zo filin gangami. Ungozoma ta ce tana da masu ciki. Yarinyar ta ce awa huɗu ne fa kawai, Anti, wa zai haihu cikin awa huɗu? Sai ta yi dariya."

Fankar ta ci gaba da ƙararta.

Tafinta ta san ranar. Ba sai an tuna mata ba. Asibiti takwas ta kira a wannan safiyar, daga jerin da aka miƙo mata, tana tsaye a bakin wannan tagar da kofin shayi a hannu. Duk takwas ɗin kalma ɗaya ta faɗa musu, har da zolayar, don ta ga tana sa su saki jiki.

"Ungozoma ta dubi ƴata ta ce da saura mako biyu, mu koma gida. Ta saka fararen kayanta, ta shiga gaba, suka tafi. Rana na take tsaka naƙuda ta tashi. Muka koma asibitin, ba kowa sai mai shara. Ni da mai shara muka karɓi wannan." Ta nuna ƙarƙashin tebur da haɓa. "Ta faɗo lafiya, da kukanta. Sai jini. Na haifi shida, na san jinin haihuwa. Wannan ba shi ba ne."

"Iya, don Allah..."

"Bari in ƙarasa, ai ban taɓa samun wanda zan ƙarasa wa ba. Muka kira ungozoma, ba ta ji, ana ta kiɗa da jawabi. Da ƙyar muka samu motar itace ta ɗauke mu. Ina riƙe da kanta a cinyata. Kafin mu kai gada ta ce min, Iya, kin rufe kajina? Na ce na rufe. Ba ta sake magana ba."

Iya ta sunkuya ta zare igiyar daga bakin yarinyar a hankali.

"Muna juyowa da ita muka gamu da motar asibitin tana dawowa. An wanke ta tas. An ɗaura mata wani dogon ƙyalle mai rubutu, iska tana kaɗa shi."

Tafinta ta san ƙyallen. Ba ta so ta juya ba, amma wuyanta ya juya da kansa. Hoton yana nan a bango bayanta, cikin firam mafi girma a ofishin: fararen motoci takwas a jere, ungozomomi takwas a gabansu sun ɗaga hannu. Hoton da ya zaga duniya, wanda ya sa aka ɗage yanke tallafin da shekara guda. Bayansa ne ma aka ƙara mata girma.

"Ta uku daga hagu," in ji Iya. "Tamu ce. Tun jiya na gane ta."

*

Tafinta ba ta ƙwanƙwasa ƙofar Shugaba ba.

Shugaba tana tsaye tana guga gyalenta a kan tawul da ta shimfiɗa bisa tebur, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Mace ce da ta ba hamsin baya, shekara ashirin tana yawo ofis-ofis da fayil a hammata tana roƙa wa mutanen da ba su san ta ba. Tana ganin fuskar Tafinta ta ce wa na cikin wayar za ta sake kira.

"Ta haddace?"

"Anti, yaushe kika sani?"

"Na san me?"

"Motar ba ajiye take ba. Tana filin gangaminmu."

Shugaba ta tsayar da dutsen gugar a kan gindinsa. Ta zare shi daga wuta. Ta je ta tura ƙofar da kanta.

"Wa ya faɗa miki?"

"Iya. Tana ɗakin lokacin da na kira. Ta ji ni."

Shugaba ta lumshe ido.

"Wannan ban sani ba," ta ce.

"Amma sauran kin sani."

"Kwana biyar bayan abin ungozomar ta zo nan. A kujerar nan ta zauna tana kuka, tana cewa za ta bar aikin. Ni na hana ta."

"Ni kuma ba wanda ya ga ya dace ya faɗa min."

"In faɗa miki ki yi me da shi? Ki tayar da ita? Ni na ba ki jerin, ni na ce ki kira. Na ga kaya ne da mutum ɗaya zai iya ɗauka, na ɗauka."

"Kin ɗauka, sai kuma kika aika aka ɗauko uwarta ta zo ta yi mana shaida."

"Ba ni na zaɓe ta ba. Ma'aikatan kwamitin majalisar ne suka duba sunayen matan da aka rasa bara, suka sa yatsa a kan wannan, suka ce danginta suke so su ji. In ce musu me? A'a, wannan ku bar ta, mu muka kashe ta?"

Kalmar ta faɗo tsakaninsu ta zauna.

Tafinta ta ce, "Ni na kashe ta."

"Kada in sake jin haka a bakinki. Zauna, ƙanwata."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya ki ji. Kin san mata nawa motocin nan suka ɗauka a shekarar da hoton ya sayo mana? Ki je ki tambayi ungozomomin. Da ba mu jera su a filin nan ba, da tun bara an ɗaga su a kan duwatsu kaji na ƙwai a ciki. Na yi kuskure da ban bar kowa a asibitocin ba. Kullum sai na tuna. Amma gangamin ba kuskure ba ne."

"Layin da kika rubuta ƙarya ne."

"Ƙarya ne."

Tafinta ta zata za ta musa. Da ba ta musa ba sai ta rasa inda za ta sa fushinta.

Shugaba ta ce, "A kan ƴar Iya ƙarya ne. Amma wata uku da suka wuce motoci biyar sun tsaya babu mai, mata biyu sun tafi a haka. Sunayensu ba su shiga jerin kwamitin ba, don a gida suka rasu, ba wanda ya rubuta. Abin da ya same su na sa a bakin Iya."

"Su ba ƴarta ba ne."

"Na sani. Yanzu ke ki faɗa min. A cikin mutum shidan da za su fito a allon nan, uku sun riga sun yanke shawara, dalili kawai suke nema. Shekara da shekaru suna cewa kayan da suke aikowa wasa ake da su, ana hoto da su. Yau sai mu da kanmu mu miƙa musu tsohuwa ta ce haka ne, an ɗauke motar marasa lafiya an tafi ɗaukar hoto. Me kike jin zai faru kafin rana ta faɗi?"

Tafinta ta kau da kai.

"Ba ƙungiya nake ji ba. Su rufe ta, na gaji ma. Asibiti talatin da biyu nake ji. Ɗaya a ciki yayarki ke aiki."

"Kada ki sako Yaya a ciki."

"Ba ni na sako ta ba, dama tana ciki."

Shugaba ta ɗauki gyalen ta yafa, ta tsaya gaban ɗan madubin da ke bayan ƙofa. Sai da ta gyara shi sau biyu.

"Ba zan iya hana Iya magana ba, ba kuma zan gwada ba. Ta faɗi abin da ke ranta. Su ba sa jin harshenmu. Abin da ya fito daga bakinki shi za su rubuta."

"Kina so in ci amanarta tana zaune kusa da ni."

"Ina so ki zaɓa. Ni na zaɓa tun bara, ba na barci, amma motocin suna tafiya."

*

A matattakalar bene Tafinta ta zauna, inda ma'aikata ke ɓuya in suna son amsa wayar gida. Akwai saƙon murya daga Yaya tun safe, ba ta buɗe ba sai yanzu.

"Auta, an ce yau ne ko? To Allah ya ba da sa'a. Mu nan tun jiya matan unguwa ke zuwa suna tambayata wai da gaske za a rufe. Na ce musu ƙanwata ce za ta yi magana, in ta buɗe baki ko dutse sai ya yi laushi. Kada ki ba ni kunya fa. Ki ci wani abu kafin ki shiga, na san halinki."

A bayan muryar ana jin kukan jariri da ƙarar bokiti.

Ta sake saurara. Ta kife wayar a cinyarta.

Tana ƙarama in ta yi ƙarya Yaya ce ke ganewa tun kafin ta rufe baki, wai kunnenta na hagu ke motsi. Yau ga Yaya tana roƙon ta, ba ta san me take roƙo ba.

Da ta koma ɗakin taron ta tarar Iya ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa, jikar na cinyarta. Ta yage bakin wata ƴar leda mai ruwan azurfa tana matsa wa yarinyar abin ciki a baki. Abincin yara masu rama ne da ake rabawa a asibitocin. Tafinta ta sha fassara sunansa a taro, ba ta taɓa ganin yaro na shan sa a gabanta ba.

Ta durƙusa.

"Iya, ni ce. Ni na kira. Ban san..."

"Na san ba ki sani ba."

"Ki yafe min."

"Tashi, za ki ɓata kayanki, ga baƙi za su gan ki."

"Iya, don Allah."

"Ƴar nan, ban hau mota yini guda don in ga hawayenki ba. Da hawaye na dawo da mutum da tuni tana gida, nawa kaɗai sun isa. Maganar yafiya kuma ki bar ta tukuna. Ban ce a'a ba. Ban dai kai wurin ba."

Tafinta ta share fuska da bayan hannu.

"To me kike so ki faɗa musu?"

"Abu biyu. Su bar mana motarmu da ungozomarmu. Na biyu, a daina aron su."

"In suka ji na biyun za su iya hana na farkon."

"Haka shugabarku ta ce?"

"Haka ne, Iya. Wasunsu dalili suke nema. Za su ce wasa ake da kayansu. Za su iya rufe duka, har da wannan." Ta nuna ledar.

Iya ta dubi ledar, ta dubi yarinyar. Ta goge mata baki da gefen zanenta.

"Kin ɗauka ban sani ba? Uwarta ta tafi da nononta. Da ba don wannan ba da na binne biyu. Duk wata sai na taka in karɓo, ina shiga ɗakin da na karɓi haihuwarta da hannuna, ina gaisawa da ungozomar, ita ta kasa kallona ni na kasa kallonta. Na san abin da ke hannun mutanen nan."

"To, Iya..."

"Amma in na ce babu mai, za su aiko da mai. Gobe in wasu baƙin suka zo, a sake wanke motar a tafi da ita, da man a ciki. Ƴar wa za ta biyo?"

"Ba za a sake ba. Na yi miki alkawari."

"Ke wa? In kin bar aikin nan wata za ta zauna a kujerarki, mai zaƙin baki ita ma."

Tafinta ta sunkuyar da kai.

"Shekara guda ana faɗa min yadda ƴata ta rasu. Wannan ya ce kwananta ne ya ƙare, na yarda. Wancan ya ce talauci ne, na yarda. Yau an rubuto min a takarda wai mai ne. Kowa ya san yadda ta rasu sai ni da kanta ke cinyata." Ta ɗago. "Ban iya harshensu ba. Bakinki zan ara, ba yadda na iya. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki ari nawa ki ci min albasa."

"To, Iya."

"To ɗin nan na yarda ne, ko na a wuce wurin?"

Kafin ta amsa aka turo ƙofa. Mai haɗa na'ura ne da makirufo biyu a hannu, yana cewa an matso da lokacin, baƙin sun riga sun zauna.

*

Fuska shida suka bayyana a allon, kowace a ɗan akwatinta. Shugaban kwamitin a tsakiya, da tabarau a kan hanci. Wani mai jan wuya yana ta duba agogo. Mata biyu suna rubutu. Wani ya kashe kyamararsa ya kunna. A kusurwar ƙasa wata dattijuwa mai farin gashi ta tallafe haɓa, ba takarda a gabanta.

Aka zaunar da Iya a tsakiya, jikar a cinyarta, Tafinta a damanta. Shugaba ta yi gaisuwa cikin harshen baƙin, gajeriya, ta koma gefe inda kyamara ba ta kai ba, ta harɗe hannu.

Shugaban kwamitin ya ce suna saurare.

"Iya, bismillah."

Iya ba ta dubi takarda ba. Ta dubi allon kai tsaye, kamar mutanen suna tsakar gidanta.

"Ki gaishe su. Ki ce ni manomiya ce, ƴaƴana shida, saura biyar."

Tafinta ta faɗa.

"Ki ce kafin a gina mana asibiti, in mace ta fara naƙuda sai mu fara yafe wa juna. Na haifi nawa a ɗaki, biyu daga cikin ƙawayena a ɗaki suka tafi."

Ta faɗa. Ɗaya daga cikin masu rubutun ta ajiye biro.

"Ki ce tun da aka kawo motar nan da ungozoma, jikokina huɗu a hannunta suka faɗo, duk suna nan suna cinye min abinci. Ki ce wannan da suke gani, abin da suke aikowa ne ya tsayar da ita. In sun rufe, ba takarda suka rufe ba."

Ta faɗa, kalma da kalma. Muryarta ta fito sarai. Har mai jan wuyan ya bar agogonsa.

Shugaban ya matso kusa da kyamara. Ya ce suna ta'aziyya. Ya ce abin da kwamitin ke son ji shi ne, ranar da ƴarta ta rasu, me ya hana motar ɗaukar ta?

Tafinta ta juya tambayar.

Iya ta gyara wa yarinyar zama.

"Ki ce motar lafiyarta ƙalau, da manta. Ki ce an yi waya daga ofishin nan aka ɗauke ta da ungozomar, aka kai su filin taro don baƙi su gani a ɗauki hoto. Ki ce ban zo don a hukunta kowa ba. Su bar mana motar, amma su sa doka, kada a ƙara ɗaga ta daga bakin asibiti don kowa, ko su ne da kansu suka zo."

Ta juyo tana jira.

Fuska shida suna jira.

Tafinta ta dubi gefe. Shugaba ba ta girgiza kai ba, ba ta yi mata alama ba. Idonta a ƙasa yake, leɓenta na motsi a hankali. Ta dubi mai jan wuyan, ya ɗauki biro ya riƙe a kan takarda. Yarinyar ta miƙo hannu mai danƙo ta dafa mata gwiwa.

Tafinta ta jawo makirufon.

Cikin harshen baƙin ta ce, ranar da ƴarta ta fara zubar da jini, motar asibiti tana ajiye, babu mai a cikinta, saboda an rage tallafi. Ta ce tana roƙonsu su bar musu motar.

Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Wannan ne ya fi ba ta tsoro.

Shugaban ya cire tabarau ya murza ido. Mai jan wuyan ya ajiye biron bai rubuta komai ba. A gefe Shugaba ta sauke wani dogon numfashi.

Iya ta ɗan karkato, ta yi ƙasa da murya.

"Kamar ya yi gajarta."

"Harshensu haka yake, Iya."

"Kin faɗa musu?"

"Na faɗa."

"Har da wayar?"

"Har da ita."

Iya ta gyaɗa kai. Ta kama hannun Tafinta a ƙarƙashin tebur ta matse, karo na farko tun zuwanta.

"Allah ya yi miki albarka."

Wani ɗan ƙara ya fito daga allon, irin na wanda ya buɗe makirufonsa. Dattijuwar kusurwar ƙasa ce. Ta sauke hannu daga haɓarta, ta matso har fuskarta ta cika akwatin. Da ta buɗe baki ba harshen baƙin ne ya fito ba. Harshen Iya ne, a hankali, da nauyin wanda ya koya tun da daɗewa ya ajiye.

"Iya, sannu da haƙuri. Shekara tara na yi aikin jinya a karkararku, ina ƙuruciya. Na ji duk abin da kika ce."

Hannun Iya ya tsaya cak a cikin na Tafinta.

"Yarinyar nan ba shi ta faɗa mana ba."